Darasin da Na Ba Hajiya ta Bakin Wata

Lahadi: daga Zariya zuwa Funtuwa

Ana kiran assalatu na kulle ƙofata a Zariya, na rataya jaka, na fito ba wanda zan ce wa sai na dawo. Maiɗakina tana Gusau wankan jego a gidansu. Gwaggo kuwa, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun daga yaye, ta rasu bara. An kwana ana yayyafi, ɗan acaɓan da ya kai ni tasha sai kauce wa kududdufai yake yi yana mita.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. A shekara ta biyu da komawar sojoji bariki, wata ƙungiyar agaji ta kawo kwamfutoci Katsina don makarantun firamare. Sharaɗinta shi ne shugaban kowace makaranta ya zauna kwas na mako guda a lokacin dogon hutu, ranar ƙarshe ya nuna ya iya kunna na'urar, ya rubuta layi, ya goge, ya adana, ya kashe. Wanda ya iya, ya tafi da guda makarantarsa. Wanda ya kasa, a ba wata makarantar tasa. Ni aka aro daga kwalejin horon malamai da nake koyarwa, in koyar, in kuma yi jarrabawar. Ana gobe zan taso aka gaya mini cewa cikin shugabannin akwai mahaifiyata, wadda ke riƙe da wata makarantar 'yan mata a cikin birni.

Ni ne ɗan farinta. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama kusa da ni ba, ba ta yi mini magana kai tsaye. In zance ya kama dole, sai ta ce "yaron Gwaggo", ko da kuwa yaron ya fara furfura a gemu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Amma kewarta nake yi tun ina yaro, alhali tana raye.

Motar ta cika bayan gari ya waye. Direban, Ɗanlami, Bakatsine ne mai surutu. Ya so ya cusa jakata a but na hana, na rungume ta a kan cinya a kujerar gaba.

"Malam, mi ke cikin jakar ga? Zinari?"

Na ce takardu ne na binciken da nake yi don babban digiri, a kan abin da ke sa malami ya karɓi sabuwar na'ura ko ya ƙi ta. Na ce masana suna da ra'i uku a kai. Na farko ya ce abu biyu ne kawai: mutum ya ga na'urar tana da amfani, ya kuma ga tana da sauƙin sarrafawa.

Ɗanlami ya yi dariya. "Wanga har sai an yi mashi digiri? Allah shi ba mu irin aikinku."

Bayan Giwa muka tarar da shinge, tsohuwar taya da katako mai ƙusoshi. 'Yan sanda ne, suka leƙo suka ɗaga mana hannu. Ɗanlami ya ce shekarun baya a daidai nan soja ya taɓa sa shi tsallen kwaɗo saboda ya yi hon. Yanzu kuwa kowane bango da kowace bishiyar kuka hoton ɗan siyasa ne a manne, ruwa ya wanke rabin fuskarsa. A Funtuwa muka tsaya, na sha koko da ƙosai a tsaye.

Lahadi: Funtuwa zuwa Katsina

Muka bi ta Ƙanƙara da Dutsinma. Gero ya yi kai, dawa ta rufe hanya dama da hagu, fasinjojin baya duk sun yi barci. Ɗanlami ya ce in ci gaba da ba shi ra'in nan don kada gyangyaɗi ya ɗauke shi. Na ce na biyu ya kasa mutane kashi-kashi: akwai masu rige-rigen karɓar sabon abu, akwai masu jira su ga yadda ya yi wa maƙwabci, akwai 'yan baya da ba sa karɓa sai ya tsufa. Na uku kuma ya ce mai koyo ya fi saurin kamawa in wanda ya fi shi sani ya zauna dab da shi, ya kama hannunsa, yana saki kaɗan-kaɗan har ya tsaya da kansa.

Ina faɗin na ukun sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai, na kau da kai ina kallon taga. Ɗanlami ya dube ni ya ce, "Lahiya, Malam?" Na ce lafiya. Sai ya kunna rediyo, ita ta raka mu har Batagarawa.

Mun shiga Katsina bayan azahar. An kama mini ɗaki a wani masauki kusa da Ƙofar Kaura, gado ɗaya, fanka mai ƙara, taga tana kallon bangon maƙwabta. Baƙo ne ni a garin da aka binne cibiyata. Da la'asar na hau acaɓa zuwa Rafin Daɗi in gai da Hajiya, mahaifiyata.

Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, labule a sake. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice kamar mai amsa wa wani da ke can waje. Sai ta ɗaga murya ta kira ƙanwata Hadiza, wadda ke zaune kusa da ita.

"Ki tambaye shi ya ya baro mai jego da jinjira. Ki ce mashi tuwo na zaure."

Hadiza ta maimaita mini, tana danne dariya, kamar ban ji ba. Na amsa wa Hadiza. Haka muka saba. Na ci tuwon dawa da miyar kuka ni kaɗai a zaure, kuma man shanun da aka zuba ya fi ƙarfin miyar. Ba wanda ya ta da zancen kwas.

Litinin da Talata

An ara mana ɗakin taro na wata sakandare, aka jera na'urorin a kan tebura, mutum biyu ga kowace guda, janareta yana ruri a bayan taga. Shugabannin duk sun girme ni, wasu ma sun koyar da sa'o'ina. Suka yi ta "Malam Sada" sama, "Malam Sada" ƙasa. Wani dattijo ya ɗaga linzamin na'urar, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ya nuna wa gilashin kamar mai haska tocila. Na dafa hannunsa na sauke, muka ja tare, aka yi dariya, kafin azahar ya iya.

Hajiya ta zaɓi teburin ƙarshe, jikin taga, tare da Malama Binta, ƙawarta tun suna makarantar horon malamai, ita ma shugabar wata makarantar. Ina bin tebur-tebur. Da na kusa nasu sai Hajiya ta gyara mayafi ta miƙe ta fita, wai za ta sabunta alwala. Ba ta dawo ba sai da na koma gaban allo. Ranar Talata ma haka. Hannuwanta suna cikin mayafi, ko ƙurar teburin ba ta taɓa ba.

Jami'in ƙungiyar, wani mutumin Ikko mai kirki da son aikinsa, ya ja ni gefe lokacin shan iska. Ya karanta irin littattafan da na karanta, kuma bai san alaƙata da kowa a ɗakin ba. Ya nuna teburin ƙarshe da haɓa, ya ce waccan Hajiyar ita ce cikakkiyar 'yar baya, irin wadda littafi ya siffanta, tsoron na'ura take yi. Ya ce kada in ɓata lokaci a kanta, akwai makarantu da ke layi suna jiran a ba su.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, amma ban ce uwata ce ba. Da na faɗa, da ya ce to wani ya yi mata jarrabawa, ko ya zaci zan ɗaga mata ƙafa, kuma ita ba za ta yafe wa kowa a ce an ba ta abu don ɗanta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ba haka take ba. Ita ta fara sayen keken ɗinki a layinsu. Ita ke ɗaukar rediyonta zuwa aji don yara su ji shirin makarantu. Injin gurza takardun jarrabawa in ya ƙi, da kanta take kwance shi, hannunta duk tawada. Amfanin kwamfuta kuwa ta gan shi tun kafin ni, Hadiza ta ce wata guda ta yi tana share ɗakin da za a ajiye ta, har ta sa an yi wa tagar ƙarfe. Ra'i na farko bai kama ta ba, na biyu ya yi mata ƙazafi. Na ukun ne ya faɗi gaskiya, sai dai wanda ya kamata ya zauna dab da ita ya kama hannunta shi ne mutum ɗaya tak a duniya da ba za ta zauna kusa da shi ba. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma ranar Juma'a da hannuna zan hana 'yan matanta na'urar.

Da yammacin Talata na sake zuwa Rafin Daɗi. Na gaisa ta bakin labule, na koma zaure. Ina cikin cin dambu na ji muryarta a tsakar gida, ta ɗaga ta fiye da yadda Hadiza ke bukata.

"Ki ce mashi shi rage gudu. Tsofaffi yake koya mawa, ba 'yan kwaleji ba. Kuma abin da ya ce a danna sau biyu, bai faɗi ko da sauri ko a hankali ba."

Na ajiye cokali. Ashe ba abin da ya wuce ta. Tana jin kowace kalma, hannun ne kawai ba za ta fitar ba ina tsaye a kanta. Na koma masauki da ƙafa, ta cikin lunguna, ana ta kiran magariba daga masallaci zuwa masallaci. Shekara talatin da wani abu muna magana ta bakin mutum na uku, ban san abin da ya sa na zaci aji zai canza wannan ba.

Laraba da Alhamis

Ranar Laraba ban tunkari teburinsu ta gaba ba. Na zagaya ta gefen Malama Binta, na tsaya na ba Hajiya rabin bayana, idona a kan taga.

"Malama Binta, in mutum yana so ya buɗe wurin rubutu, sai ya kai kibiyar nan kan farar takardar can, ya danna sau biyu da sauri, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa."

"Haba Malam Sada, ai na iya wanga tun jiya."

"A sake dai, Malama. Maimaici ba ya ɓaci."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi ƙawarta, sai ta kama baki. "Af, to. Ni dai kaina ya tsufa. Faɗi a hankali, ɗana, yadda ko na kusa da ni zai ji."

Na faɗa a hankali. Ban juya ba. Can sai na ji ƙarar awarwaro, sannan ƙas-ƙas, sau biyu. Na yi gaba zuwa tebur na gaba kamar ban ji komai ba.

Haka muka yi kwana biyu. Malama Binta ta zama daƙiƙiyar aji da gangan, tana tambayar abin da ta sani, tana sa ni in maimaita, tana kuma tsokanata a kai. In Hajiya ta maƙale sai ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba.

"Binta, tambayi malamin naku, in mutum ya yi kuskure, mi za ya taɓa?"

Na gaya wa Malama Binta cewa akwai maɓalli mai kibiya a sama ta dama, kowane dannawa yana cinye harafi ɗaya daga baya. Jami'in ƙungiyar ya wuce ya ga hannun Hajiya a waje, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce 'yan baya ma in suka ga kowa ya tafi sukan biyo. Na bar shi a haka.

Ranar Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, janareta ya sha ruwa ya mutu, muka zauna jiran makaniki. Kowa ya kama hira da na kusa da shi, zancen albashi da na sababbin kansiloli. Ni na zauna a gaban allo ni kaɗai, ina kallon ruwan indararo. Tsakanina da ita bai fi tsawon tabarma uku ba. Na tuna ranar da aka yi mini kaciya, da ranar da na gama makaranta, da ranar aurena, duk tana nan a wani ɗaki, ana kawo mini saƙonta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba.

Juma'a

Aka ce a gama kafin a tafi masallaci. Jami'in ya kafa doka: mutum ɗaya a tebur, mai jarrabawa a bayansa, ba mai taimako. Malama Binta ta yi nata ta wuce. Ta so ta tsaya a gefe, jami'in ya nuna mata ƙofa cikin ladabi. Tana fita ta harare ni, irin hararar da ke cewa ka san yadda za ka yi.

Hajiya ce ta ƙarshe. Na zaci za ta tafi alwala. Ta daɗe a tsaye a bakin taga, sannan ta zo ta zauna, ta gyara mayafi. Na tsaya a bayan kujerarta. Tun da aka yaye ni ban taɓa matsowa kusa da ita haka ba. Na ji ƙanshin turaren wutar da ke kama kayanta, irin wanda nake ji a jikin tufafin sallar da take aiko mini gidan Gwaggo. Na ga furfura a gefen ɗankwalinta, ban san ta yi yawa haka ba.

Ba Hadiza, ba Malama Binta. Sai na kalli bango na yi magana da shi.

"A kunna."

Ta kunna. Na'urar ta yi gurnaninta ta waye.

"A buɗe wurin rubutu."

Ƙas-ƙas.

"A rubuta abin da aka ga dama."

Sauran duk sunan makarantarsu suka rubuta, ko bisimilla da boko. Ta fito da yatsa ɗaya mai jan lalle, ta yi ta shawagi da shi a kan maɓallan tana neman harafi. Ta danna. Ta sake nema. Ni ina kallon gilashin ta saman kafaɗarta, don aikina ke nan. Harafi huɗu ta rubuta, ta mayar da hannunta cikin mayafi.

Sada.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Sunan da kowa ke kira ne, direba da ɗalibi da mai koko, amma ban taɓa ganin ya fito daga wajenta ba. Ita ba ta motsa ba, idonta a kan tebur. Abin da ke biye a jarrabawar na san shi, ita ma ta san shi, ni na koya wa Malama Binta jiya-jiya. Na kasa faɗa. Sai da jami'in ya yi gyaran murya daga gaban ɗaki, ya nuna mini agogonsa.

"A goge," na ce.

Ta kai yatsa sama ta dama ba tare da ta nema ba. Ta danna sau huɗu, tana ɗan tsayawa tsakanin kowane. Farar takarda ta koma yadda take. Daga nan ta rubuta sunan makarantarta, ta adana, ta kashe na'urar bi da bi, ba kuskure ko ɗaya. Ta miƙe, ta dubi baƙin gilashin, inda ni da ita muke a ciki, ta ce, "Allah shi yi albarka." Ta fita.

Jami'in ya zo yana murna, ya ce ka ga ikon horo mai kyau, har na'urar take sa wa albarka. Na sa hannu a takardarta. Bayan an sauko daga masallaci na hango ana ɗora kwalin a bayan wata a-kori-kura, Hajiya tana tsaye tana faɗa wa direban ya bi a hankali, Malama Binta ta riƙe mata lema.

Asabar: komawa

Da sassafe Hadiza ta same ni a tasha da ƙullin kilishi da 'yan rigunan jarirai da aka ɗinka a tsohon keken nan. Ta ce, "An ce a ba yaron Gwaggo, shi kai ma mai jego." Na ce ta ce na gode. Ta tambaye ni me ya faru a wajen jarrabawa, don Hajiya ta dawo jiya ta shige ɗaki ba ta ci abincin rana ba. Na ce ta ci jarrabawa, shi ke nan.

Na yi sa'a motar Ɗanlami ce a kan layi. Mun wuce Batagarawa ya ce, "To Malam, cikin ra'in naka ukku wane ya ci?" Na ce kowanne ya kama wani abu ya saki wani. Ya ce shi dai na ukun ya fi kwanta masa, don haka ubangidansa ya koya masa tuƙi, hannu a kan hannu. Na ce haka ne, ga wanda aka yarje masa. Bai gane ba, ya ƙara muryar rediyo. A Dutsinma muka sayi gyaɗa dafaffiya, a Funtuwa muka yi azahar, shingen Giwa kuwa an ɗauke shi, sai tayar kawai a gefen hanya.

Na iso Zariya da la'asar. Ɗakin yana yadda na bar shi, kofin shayina a kan tebur. Na zazzage jakar, na jera takardun ra'in nan uku. Na san malamin da ke duba bincikena zai ce in kawo hujjar da za a iya nunawa, ni kuwa abin da na gani an goge shi da umarnina, kuma ba a adana shi a ko'ina ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ɗanlami da ya cika mini hanya da surutu, da Hadiza mai kai saƙo, da Malama Binta da ta yarda aka ɗauke ta daƙiƙiya kwana biyu saboda ƙawarta. Na gode wa shugabar makarantar 'yan matan nan ta cikin birni, wadda kwamfutarta ke can a ɗaki mai tagar ƙarfe. Mai karatu zai lura har na kai ƙarshe ban rubuta sunanta ba. Ita dai ta rubuta nawa, sau ɗaya, kuma ina tsaye.